Wanda Ya Ɗauke Ƙararrawar Makarantarmu

Ke Borghild, ajiye duk abin da ke hannunki ki zauna! An gano wanda ya ɗauke ƙararrawar, kuma na rantse miki ko wuni za ki yi kina canka ba za ki faɗo a kansa ba. Ni kaina sai da na dafa bango. Na san labarin satar ya iso muku can birni, amma rabi aka kai miki, rabin ma a karkace. Bari in ɗauko miki daga tushe, yadda surukina Baba Eilif ya ba ni da bakinsa, don shi ya bi sawun.

Kin dai san tun da Malam Halvard ya yi ritaya, makarantar Tverrmo ba ta sake samun malami mai takarda ba. Duk wanda aka turo daga kudu, hunturu ɗaya zai gani ya tattara ya gudu. Torunn ce ke riƙe da yaran, ita da ba a nan aka haife ta ba, aka ɗauke ta tun farko don ta taimaka kawai. Sai ƙaramar hukuma ta ce in babu mai takarda, ƙarshen shekarar nan a rufe, a riƙa kwasar yara a bas zuwa bakin teku, su fita cikin duhu su dawo cikin duhu. Ylva tawa fa, da ko igiyar takalminta ba ta iya ɗaurewa ba! Muna cikin wannan sai ga sabuwar dokar nan, wai wanda ya daɗe yana koyarwa ba sai ya koma jami'a ya share shekaru ba, ɗan kwas zai yi, sannan sufeto ya zo ya zauna a aji ya ga darasinsa da ido. Torunn ta gama kwas ɗinta. Saura zuwan sufeto, wata mace ce, ranar Juma'a.

Sai ranar Litinin da safe ta buɗe kabad ɗin aji ta ga wayam.

Ƙararrawar nan dai da kika sani, ta tagulla, mai mariƙin itace da hannuwa suka sha har ya yi santsi. Ita marigayiya Malama Ingeborg ta riƙa kaɗa wa iyayenmu, ita Malam Halvard ya kaɗa mana. Ina wurin, na kawo Ylva. Na ga fuskar Torunn ta yi fari, sai na ruga na kira Baba Eilif.

Baba ya zo da tsohon karensa Tass. Kin san aikinsa: in mota ta buge barewa ta shige daji da rauni, shi ake kira ya bi ta ya hutar da ita daga wahala. Bai taɓa bin sawun mutum ba. Tass ya shinshina ƙofar makaranta, ya yi hamma, ya kwanta.

"Kin gani," in ji Baba, "ko shi ya san wannan ba aikinmu ba ne."

Ba a fasa ƙofa ba, amma wannan ba abin mamaki ba ne, kowa ya san mukulli na biyu yana ɗakin itacen wuta. Bakin zaure kuma yara sun riga sun tattake. Daren Lahadi dusar ƙanƙara ta zuba ta rufe fili. Baba ya zagaya ginin a hankali, hannu a baya, sai a ƙarƙashin rufi, inda dusar ba ta kai ba, ya ga layi biyu na keken ƙanƙara, irin marar tayar nan da ake turawa da ƙafa yana sulɓi a kan ƙarafa biyu. Na dama ya tafi sak, na hagu yana ɗan karkacewa kamar mai maye. Ya bi shi har bakin titi, inda motar share hanya ta goge komai.

Bai ce wa kowa komai ba, amma ya san keken. Na Malam Halvard ne.

*

Kafin ya je can sai ya biya kantin Gudmund ya sayi taba. Kantin a cike, kowa da kwando a hannu, babu mai sayen komai.

Gudmund kin san shi, shi ne shugaban kwamitin makaranta, shi ya yi ta zirga-zirga zuwa ƙaramar hukuma kan kar a rufe. Yana bayan kanta yana jera gwangwani.

"Ku bar maganar nan haka," yake cewa. "Ƙararrawa ce fa. Zan yi oda a kawo wata."

"Wata?" in ji Iya Oddny, uwar Steinar direban bas, ta buga sandarta a ƙasa. "Uwarka ma in ta ɓata sai ka yi oda a kawo wata? Ni abu ɗaya na sani. Duk wanda aka haifa a kwarin nan, ya ji ƙarar nan yana ɗan yaro, hannunsa ba zai iya ɗaukarta ba. Ya bushe tukuna. To wa ya rage?"

Sai wani daga baya ya ce ai an ce ƙanen Torunn yana sayar da tsofaffin kaya a kudu.

"Ni ban kira sunan kowa ba," in ji Iya Oddny.

Baba ya juya zai fita, sai ya ga Torunn tsaye a bakin ƙofa, ta zo sayen madarar yara. Tun yaushe take nan, oho. Ta ajiye kwandon a hankali ta fita. Gwangwani ɗaya ya suɓuce wa Gudmund ya gangara ƙarƙashin kanta, babu wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Da yamma labari ya zagaya: Torunn ta ce za ta buga wa sufeto waya kar ta zo. Ba za ta koyar da 'ya'yan mutanen da ke mata kallon ɓarauniya ba. Ke, ranar ko abinci ban iya ci ba.

*

Malam Halvard ya zuba wa Baba kofi ba tare da ya tambaye shi ko yana so ba.

"Ka zo ka kama ni ke nan, Eilif?"

"Na zo in ga kekenka, Malam."

"Kowa ya san ba na son dokar nan, shi ya sa. To ka ji da kyau, har gobe ba na son ta. Shekaruna nawa ina koyon yadda ake buɗe kan yaro? Yanzu a ce wata uku a gaban kwamfuta ya isa? In asibiti ba likita, sai ku miƙa wa wanda ya daɗe yana tura gado wuƙa?"

"Torunn ba gado take turawa ba. Jikata karatu take yi."

Malam ya cire tabarau ya goge. "Na sani. Na tsaya a taga na ji ta tana koyar da kasafi, ta fi wasu da na yi jami'a da su. Amma ƙofar da aka buɗe mata, wa zai biyo ta a baya? Birni za su ci gaba da samun masu takarda, mu na ƙauye a ce mu yi maneji da abin da ya samu. Wannan ne ke ci mini rai." Ya mayar da tabaran. "Amma in saci ƙararrawar da na kaɗa rabin rayuwata? Haba Eilif."

"Kekenka ya je makaranta ranar Lahadi."

"To shi kaɗai ya je. Tun Asabar yana ƙofar kanti. Gwiwata ta hana ni turawa, Steinar ya kawo ni gida a mota. Je ka duba, yana can."

Baba ya duba a hanyar komawa. Yana can kuwa, jingine da bangon kanti tare da wasu. Kin san yadda muke yi, wanda ya ga keke a ƙofar kanti ya hau, in ya gama ya maido. Ko ni na sha hawan na Malam ɗin.

*

Washegari ya sami Steinar a gareji, ƙafafu kawai a waje, sauran jiki a ƙarƙashin bas.

"Kawu! An ce ka zama ɗan sanda. Ina hular?"

"Fito, ɗan banza. In an rufe makaranta wa zai riƙa kai yara bakin teku?"

Steinar ya sulalo, baƙin mai har goshi. "Ni mana. Kana ganin daɗi ne? In tashi tun kaji ba su farka ba, in kwashi yara a hanyar dutse, wannan ya yi amai, wancan ya ce fitsari? Kawu, in ana sayar da takardar malanta a kanti, da ni zan saya wa Torunn. Kuma ranar Lahadi ina wajen tseren ƙanƙara, rabin samarin garin nan a bayana suna ihu a kunnena. Tambaye su."

"Uwarka fa, me ya sa ta saki baki haka?"

Steinar ya daina dariya. "Iya tsoro take ji, shi ke nan. Kowa tsoro yake ji. Ka san bara da aka rufe makarantar Langvatn, ni da Gudmund muka je taya su kwashe kaya. Babbar mota ta zo, aka watsa tebura kamar itacen wuta. Taswirar bango, hotunan yara, duk cikin kwandon shara. Har muka dawo Gudmund bai ce uffan ba, shi da ba ya rufe baki." Ya goge hannu da tsumma. "Ba na son ganin wannan a nan."

Baba ya fito ya kama hanyar gida. Barewa in ta ji rauni, yakan ce, tana barin jini a kan dusa kowa ya gani. Mutum kuwa sai ya shanye nasa.

*

Ranar Laraba ya je gidan Torunn. Akwati a buɗe a tsakar ɗaki, littattafan kwas ɗinta a jibge a kusurwa.

"Baba Eilif, kar ka wahalar da kanka," ta ce. "Ko an gano ta, na riga na ji abin da na ji. Na binne mijina a garin nan. Babu yaron da ban share wa majina ba. Ashe har yanzu baƙuwa ce ni."

"Kin buga wayar?"

"Gobe."

"Ki bari sai an gama bikin dawowar rana. Yara sun yi ta koyon waƙa, kya bar su su fita su tari rana babu ke?"

Ta goge ido da bayan hannu. Sai ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Ka san abin haushin? Juma'ar da ta wuce har dare ya kusa ina wanke makarantar nan saboda sufeto. Aji, tagogi, zaure har can ƙurya inda ba mai zuwa. A durƙushe na goge shi."

Baba ya ajiye kofinsa. "Har ƙurya?"

"Har ƙurya."

"Ranar Litinin da kika shiga aji, akwai datti a ƙasa? Ruwa, yashi?"

"Tas yake. Me ya faru?"

Ya ɗauki hularsa ya fita.

*

Ya biya ya ɗauko Malam Halvard a mota, ya ce yana son ido na biyu wanda kowa ya san ba ya goyon bayan Torunn. Suka isa makaranta, yara sun tashi. Suka cire takalma a bakin ƙofa, suka shiga da safa.

Ke kin tuna zauren nan, dogo, ƙugiyoyin rataye riga a jere, kowace da hoton dabba da Malama Ingeborg ta zana a samanta. Tawa kifi ce, taki kaza, har muna tsokanarki. Yanzu da yara ba su kai goma ba, na bakin ƙofa kawai ake amfani da su. Na can ciki, tun kafin a haife mu ba wanda ya rataya musu komai. Kwan fitilar wajen ma ya mutu ba a canza ba.

Baba ya kwantar da tocila a ƙasa, yadda yake yi a kan ƙanƙara in sawu ya yi masa wuyar gani. Haske ya kwanta a kan katako. Daga inda tattakin yara ya ƙare, sai ga busasshen sawu na babban takalmi, yana bin gefen bango, yana ta tafiya cikin duhu. Bai nufi aji ba. Ya wuce dila, ya wuce agwagwa, ya wuce zomo.

Baba ya ɗan tsaya a zomo, don tasa ce. Ya ce sai ya ji warin jiƙaƙƙen ulu ya cika masa hanci kamar jiya, yara sun fi arba'in suna ture-ture, Malama Ingeborg na tafe da ƙararrawa a hannu tana duba ƙasa. Duk wanda takalminsa ba ya ƙarƙashin dabbarsa, a haɗe, baki na kallon bango, ranar shi zai ɗebo itacen murhu shi kaɗai. Ko iyayen da suka zo ɗaukar yara sai sun rage murya.

Sawun ya ƙare a ƙugiya ta ƙarshe. A ƙasanta, zane biyu na busasshen ruwa da yashi, a haɗe, baki na kallon bango. Sama kuma mujiya, fentin idonta ɗaya ya goge.

"Ikon Allah," in ji Malam Halvard a hankali. "Ya zo sata, ya cire takalmi."

"Ga fili a bakin ƙofa, ba kowa a ginin," in ji Baba. "Amma ƙafarsa ta kawo shi nan. Malam, Torunn ta taɓa zama ɗaliba a makarantar nan?"

"A'a. Ni ma ban taɓa ba. Ta wa ce mujiyar?"

Baba ya rufe ido. Ya ga jar hular saƙa rataye a ƙugiyar, mai tuntu, tana ɗigar ruwa. Fuskar da ke ƙarƙashin hular ce ta ƙi zuwa. Ko dai ta zo shi ne ya ƙi kallo, wannan ko ni bai gaya mini ba. Yara da yawa sun riƙe mujiya a zamaninta, in ya nuna mutum da tunani kawai, ya zama Iya Oddny ke nan.

"Kar ka gaya wa kowa," ya ce. "Gobe ƙafar za ta faɗa da kanta."

*

Ranar Alhamis garin kaf ya hau tudun bayan makaranta. Sanyi kamar ya tsinke kunne. Wajen tsakar rana, tsakanin duwatsun nan biyu, sai ga rana ta leƙo, ɗan gefe kawai, ja, karon farko tun da ta ɓuya mana kafin Kirsimeti. Yara suka ɗauki waƙa, Torunn a gabansu tana kaɗa hannu, idonta a kumbure. Tsofaffi suka cire tabarau suka miƙa fuska. Kafin a gama baiti na biyu ta koma.

Daga nan aka gangaro cin burodin rana, mai ƙwai da sukari a tsakiya, da koko mai zafi. Baba ya riga kowa saukowa, ya tsaya a bakin zaure da Tass kamar mai gadi. Ya sa an canza kwan fitilar nan tun da safe. Mutane suna shigowa suna surutu, suna karkaɗe dusa, kowa ya cire takalmi ya wuce aji. Shi dai ƙasa yake kallo.

Da kowa ya cika baki, sai ya buga cokali a jikin kofi.

"Jama'a, ku ɗan fito zaure. Ba daɗewa."

Aka fito ana gunaguni, burodi a hannu.

"Kowa ya dubi takalminsa."

Ke Borghild, da kin gani! Steinar ne ya fara fashewa da dariya. Ƙaton takalminsa na gareji, ga shi a ƙarƙashin ɓera.

"Na rantse ban san na yi ba!"

"Ɓeran Iya!" wani ya yi masa ihu. Aka bushe da dariya. Kowa ya shiga nuna nasa. Mai gidan mai a ƙarƙashin agwagwa, mijina a dila, nawa ga su a kifi, kan na wata yarinya. Na Iya Oddny ma suna ƙarƙashin kurciya, a haɗe tsaf, mace mai shekara tamanin da wani abu. Tana kallo tana murmushi ita kaɗai.

Takalma biyu ne kawai a kan tabarmar bakin ƙofa, na Malam Halvard da na Torunn.

Baba ya bari dariyar ta lafa. Ya ce, "Iya, ranar nan kin ce ɗan garin nan ba zai iya ɗaukar ƙararrawa ba."

"Na faɗa."

"Wanda ya ɗauke ta ya cire takalmi kafin ya shiga aji. Bai cire a tabarma ba. Ya taka har inda aka koya masa yana yaro. Na ga sawun jiya, Malam Halvard ya gani."

"Na gani," in ji Malam. "Kuma kun san ni, ba don in kare sabuwar doka zan yi ƙarya ba."

"A ina?" in ji Steinar.

Baba bai nuna da hannu ba. Kallonsa kawai ya tafi ƙurya, sai kowa ya bi. A ƙarƙashin mujiya, takalma biyu baƙaƙe, a haɗe, baki na kallon bango, dusa na narkewa a gefensu.

Babu wanda ya tambayi na waye. Kowa ya san su, kullum muna ganinsu a bayan kanta.

Gudmund yana tsaye da tiren burodi, don shi ya kawo kyauta. Ya ajiye tiren a kan benci, ya dubi safarsa.

"Jar hula mai tuntu," in ji Baba a hankali. "Gudmund, mutumina. Me ya kai ka?"

"Tana ɗakin ajiyar fulawa a kantina," in ji Gudmund. "Na naɗe ta a tawul, ko ƙwarzane babu. Eilif, ba ka je Langvatn ba. Tasu ƙararrawar, na gan ta bayan wata biyu a wani gidan abinci a birni, ana kaɗa wa masu kai faranti. Ranar Lahadi ina zaune ni kaɗai, sai na ce in aka rufe tamu, motar nan za ta zo. Na ce bari in ɓoye ta kawai. In an ci jarrabawa in maido, ba wanda ya sani."

"Ranar Litinin fa," in ji Steinar, "da ake yanka Torunn a kantinka?"

"Na buɗe baki ya fi a ƙirga. Kunya ta shaƙe ni."

Torunn ta matso. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kai ka kawo mini takardun kwas har gida, Gudmund. Kai ka ce in daure, zan iya. Ashe a ranka ka riga ka kayar da ni."

Gudmund ya sunkuyar da kai. Mutum mai jikoki, hawaye na bin gemunsa.

"To na gode, Baba Eilif," ta ce. "An wanke ni. Amma abin da na ji a kanti, na ji." Ta juya ta nufi tabarma, za ta ɗauki takalminta.

Ni dai na ce shi ke nan, an gama da mu. Na riƙe hannun Ylva har ta ce ina mata ciwo.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, sandar Iya Oddny. Ta riga Torunn isa tabarmar. Ta miƙa wa Steinar sandar, ta sunkuya, kin san bayanta, sai da muka ji ƙashi ya yi ƙara. Ta ɗauki takalman Torunn, ta lallaba da bango har kurciya, ta ture nata gefe, ta ajiye na Torunn, ta haɗe su, ta juya bakinsu bango.

"Ni na kusa gama amfani da ita," ta ce, tana haki. "Bakina ya yi ɓarna, 'yar nan. Ki yi fushi da ni yadda kika ga dama, amma a nan za ki yi shi."

Torunn ta tsaya tana kallon takalman, ta daɗe. Sannan ta juyo ta dubi Gudmund.

"Je ka kawo ta. Kuma zauren nan, kai za ka riƙa wanke shi duk Juma'a har dusa ta narke. Har ƙurya."

"A durƙushe," in ji Baba.

Gudmund ya fita da gudu, sai da ya kai tsakar fili ya gane da safa yake.

*

Da yamma Malam Halvard ya je gidan Torunn da kansa, da gwiwar tasa, wai ya ji darasin da za ta yi. An ce sai da ya sa ta maimaita har ta kusa jifansa da alli. Yana fitowa ya haɗu da Baba ya ce masa, "Har yanzu ba na son dokar." Baba ya ce ai ba wanda ya tambaye shi.

Sufeton ta zo ranar Juma'a, wata doguwar mata marar fara'a, ta zauna a kujerar yara gwiwa har ƙirji. Mu iyaye muna waje muna daskarewa, muna yi kamar hira muke. Ta fito ba ta ce mana ci kanku ba, ta shiga mota ta tafi. Mako guda ba na barcin kirki.

Yau da safe ina wanke kwanuka sai na ji ƙararrawa. Ba lokacin shiga ba, ba lokacin tashi ba, kuma ba ta tsayawa. Na fito da kumfa a hannu. Torunn ce a kan matakala tana kaɗawa da hannu biyu, yara na tsalle kewaye da ita, Tass na haushi, shi da bai yi haushi ba tun bara. An ba ta takardar, Borghild! Ta ci! Ba za a rufe ba! Ylva za ta riƙa tafiya makaranta da ƙafarta, ina hango ta daga tagar kicin har ta shiga.

Don Allah kar ki zauna da labarin nan. Ki kira yayarki yanzu-yanzu ki ce kar ta sa hannu a sayar da gidan babanku, ta dawo da tagwayenta, akwai malama. Ki gaya wa duk 'yan Tverrmo da ke can birni, kowa ya gaya wa na kusa da shi. Ƙugiyoyi na nan birjik babu kowa a kansu.